Amsa ga ɗan ƙanwata kan duba kuɗin wayar shago

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya same ni a gida Aboabo bayan la'asar, na bari sai da na kwana da shi kafin in ba ka amsa. Ka ce tun da shagon marigayi mahaifinka na Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ya dawo hannunka, kuɗin layukan waya huɗu sai hawa suke yi kowane wata. Da ka nemi a zauna a duba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a shagon ya ce mahaifinka bai taɓa tambayarsu ko pesewa ɗaya ba. Shi ne kake so ka ji ko a al'adarmu abin kunya ne yaro ya binciki manyan da ya tarar.

Ba abin kunya ba ne. Kuma mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana dubawa. Ni shaida ne. A ɗakinsa yake yi bayan isha'i, shi ya sa ba su sani ba.

Kakanninmu da suka riƙa sayen goron Asante a Salaga suna kaiwa Kano, kafin a sauko a kafa zango a Kumasi, da ƙidaya suka rayu. Goro ɗari shi ne ƙwarya ɗaya, kuma ko ɗan cikinka ne ya ɗaure huhu, a gaban maigida da dillali ake ƙirgawa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zargi. Ƙidayar ce take wanke mai gaskiya ranar da kaya suka yi giɓi. Ka tuna kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Al'adarmu ba ta taɓa raba amana da lissafi ba.

Amma na fahimci dattijon. Lokacin wayar tangaraho ta Ghana Telecom, guda ɗaya ce a shago, da ɗan kwaɗo a jikinta, takardar kuɗi kuma tana zuwa ƙarshen wata kowa ya gani. Da aka shiga zamanin masu lema a bakin titi, masu ba da waya a yi kira a biya su, kana ajiye waya kake zaro kuɗi daga aljihu, ka ji zafinsu. Yau daga MoMo, asusun kuɗi na cikin waya, ake cirewa, hannu bai taɓa komai ba. Ga shi tun da aka yanke sifili huɗu daga sidi a 2007, sidi biyar ya zama kamar ba kuɗi ba a kunne, alhali dubu hamsin ne a tsohon lissafi. Da yayyafi kogi kan cika.

To, ka fara da layukan, kada ka fara da mutane. Idan na biyan wata ne, ka je ofishin kamfanin ka karɓi takardar da ta jera kira ɗaya bayan ɗaya. Idan na sa kati ne, ka ajiye littafi wata guda, duk abin da aka sa a rubuta shi da rana. Sau da yawa ɓarnar ba ta kowa ba ce. Za ka tarar da data mai sabunta kanta a layin da ke kwance cikin durowa, ko waƙar jiran kira da saƙon ƙwallo da ake cirewa kullum. Ni kaina na yi kusan shekara wani kamfani yana tsakurar mini kuɗi kan abin da ban san na shiga ba, sai jikata ce ta gano, kuma abin ya yi mini ciwo. Ka duba kiran Legas da Lome da Dubai, waɗanda WhatsApp zai iya ɗauka, da abin da layi ke ci idan an ƙetare iyakar Aflao zuwa Togo da shi. Harajin gwamnati yana ciki, wannan ba naka ba ne ka yi gardama a kai, sai dai ka sani an soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, tun Afrilun 2025. In wani kamfanin ya fi maka sauƙi, tun 2011 ana iya ƙaura da lamba ba tare da an canza ta ba.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba: da Ghana Card ɗin wa, wato katin ɗan ƙasa, aka yi rajistar layukan? Lambar da abokan ciniki suka haddace shekara da shekaru, wadda kuɗin kaya ke shiga, idan sunan yaron shago ne a kanta, ranar da ya tafi da ita zai tafi, kuma doka tana bayansa. Na ga gidan da zumunci ya lalace a kan haka. Ka gyara wannan tun ana dariya.

Inda al'ada za ta kama ka shi ne yadda ka ɗauko maganar. Ina jin a gaban yara ka yi ta, shi ya sa ta yi wa dattijon nauyi. Ka same shi gida shi kaɗai bayan Juma'a, da goronka a hannu, ka ce shawara ka zo nema. Ka roƙe shi ya riƙe littafin da kansa, kuma layinka ya zama na farko da za a rubuta. Kada ka karanta saƙon kowa, kada ka tambayi mutum lambar wa ya kira da dare. Kuɗinka kake bi, ba sirrin mutane ba.

Sannan ka bar ƙofa. Yaron da ya baro Bawku yana kwana a shagonka, kiran mahaifiyarsa yana wuyanka, kamar yadda tuwon baƙo yake wuyan maigida a zamanin goro. Da can zumunta a ƙafa take, yanzu rabinta ya koma waya. Ka yanke wa kowa abin da za ka iya a mako, ka faɗa a fili cewa nasa ne, ya kira wanda ya so.

Idan ka karɓo takardun ka biyo da su ranar Lahadi mu duba tare, ka zo da ƙanwarka don idona ba ya ganin ƙananan lambobi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe.