Me ya sa Sun Yat-sen ya bar wa Yuan Shikai kujerar shugaban ƙasar Sin?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sun Yat-sen ne shugaban farko na jamhuriyar Sin, amma ko wata biyu bai cika ba ya yi murabus, ya bar wa Yuan Shikai, mutumin da ya yi shekaru yana yi wa gidan sarautar Qing bauta. Karamci ne ko tsoro?

Amsa: Ciniki ne, kuma an fara shi tun kafin Sun ya iso gida. Lokacin da sojoji suka yi tawaye a Wuchang ranar 10 ga Oktoba 1911, Sun yana Amurka yana neman kuɗi, a jarida ya ga labarin. Sai ranar 25 ga Disamba ya sauka a Shanghai, alhali mako guda kafin nan wakilin 'yan tawayen kudu, Wu Tingfang, da na gwamnatin sarki a arewa, Tang Shaoyi, sun riga sun zauna teburin sulhu. 'Yan juyin juya hali sun nuna cewa in Yuan ya sa sarki ya sauka, kujerar tasa ce. Saboda haka ranar 1 ga Janairu 1912 da aka rantsar da Sun a Nanjing, kowa ya san riƙon ƙwarya yake yi.

Sai ka san wane ne Yuan kafin ka ga dalilin wannan tayi. Bayan Japan ta lallasa Sin a yaƙin 1894 zuwa 1895, shi aka ɗora wa horar da sabuwar runduna a Xiaozhan, kusa da Tianjin. Ita ce ta girma ta zama rundunar Beiyang, wadda ba ta da na biyu a ƙasar, kuma hafsoshinta irin su Duan Qirui da Feng Guozhang yaransa ne, shi ya raine su. Fada ta tsorata da ƙarfinsa. A farkon 1909 Yarima Chun, mahaifin ƙaramin sarki Puyi kuma mai riƙon sarauta, ya sallame shi da hujjar wai ƙafarsa na ciwo. Yuan ya koma Henan, har aka ɗauke shi hoto a kwale-kwale yana kamun kifi, kamar ya hakura da duniya. Da tawaye ya ɓarke aka aika ya dawo, sai ya ce ai ƙafar ba ta warke ba tukuna. Ba ta warke ba sai da aka damƙa masa ragamar sojoji, aka kuma naɗa shi firaminista.

Daga nan ya riƙa cin tudu biyu. Sojojinsa suka ƙwace Hankou da Hanyang, garuruwan da ke daura da Wuchang, don 'yan tawaye su san ƙarfinsa, sannan ya tsayar da su don fada ta san sai da shi. Sun kuwa baitulmalinsa babu komai, dakarunsa na larduna ne daban-daban, kowa da maigidansa, ƙasashen waje kuma ba su amince da gwamnatinsa ba. Da me zai tunkari Beijing?

A ƙarshen Janairu janar-janar ɗin Beiyang, Duan a gaba, suka aika wa fada saƙon neman a kafa jamhuriya. Ranar 12 ga Fabrairu 1912 Longyu, uwar riƙon sarki, ta fitar da takardar murabus a madadin Puyi, yaro ɗan shekara 6, bisa sharaɗin zai ci gaba da zama a fada da laƙabinsa da kuɗin kashewa duk shekara. Washegari Sun ya miƙa tasa takardar.

Inda nake ganin laifin Sun shi ne dogaro da takarda. Ya sa sharaɗin Yuan ya zo Nanjing, nesa da sojojinsa, ya kuma bi tsarin mulkin wucin gadi. A ƙarshen Fabrairu wasu sojoji suka tayar da tarzoma a Beijing, Yuan ya ce ba zai iya barin gari a haka ba, aka rantsar da shi a can ranar 10 ga Maris. Masana da yawa na zargin da saninsa aka yi tarzomar.

Wanda ya so ya ɗaure Yuan ta hanyar majalisa shi ne Song Jiaoren, matashin da ya jagoranci jam'iyyar su Sun, Kuomintang, ta lashe zaɓe. Ranar 20 ga Maris 1913 aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai, ya cika bayan kwana biyu, kuma bincike ya kai har kan muƙarraban Yuan. Sun ya ɗaga makami a Yulin shekarar, aka murƙushe shi, ya gudu Japan. Yuan ya rushe majalisa a 1914, a Disambar 1915 kuma ya karɓi sarauta.

Nan ƙarfinsa ya ƙare. Janar Cai E ya yi tawaye a Yunnan, larduna suka bi, hatta Duan da Feng suka noƙe, domin ba su ga dalilin da za su durƙusa wa 'ya'yan maigidansu ba. Yuan ya janye daga sarautar a Maris 1916, ya rasu ranar 6 ga Yuni. Mataimakinsa Li Yuanhong ya gaji kujerar shugaban ƙasa, amma rundunar Beiyang ta dare gida-gida, janar-janar ɗinta suka yi ta ƙwacen Beijing a junansu har 1928.