Ɗinkin Instagram ya ƙi zama a jikina, ga biki ya matso

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Kubwa, ina aiki a Wuse. Duk ɗinkin da na ɗauko a Instagram na kai wa tela, sai ya fito wani iri daban. Kuma in na duba a hanya ko a ofis ba na ganin mai sa irinsa, kowa doguwar riga ce da abaya. Yanzu bikin yayata saura wata 2, an fitar da ankon leshi, ƙawaye sun ce koset, wato ɗinkin nan mai matse ƙugu, za mu yi na dina. Ƙuguna inci 34 ne. Wata ta ce in sa tela ya yanka a 28, in sayi bel ɗin matse ciki in riƙa kwana da shi, in haɗa da shayin rage tumbi. Tsoro nake kar in zama ni kaɗai ce baƙauya a hoto. Telan ne bai iya ba, ko jikina ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin.

Jikinki lafiyarsa ƙalau, kuma mai yiwuwa telan ma bai yi laifi ba. Rigar da kike gani a waya an shirya ta ne don tsayuwar minti 5 a gaban fitila. Mai ita ta tsaya a karkace ta riƙe numfashi, an tattare rarar yadin ta baya da fil inda kyamara ba ta gani, an cusa soso a ƙirji da mazaunai, an ɗauko hoton daga ƙasa don ta ƙara tsawo, daga baya a zauna a shafe ƙugun da manhaja. Ki riƙa duba layin ƙofa ko tayil ɗin bangon da ke bayanta. In kin ga ya lanƙwashe daidai saitin ƙugu, to yatsa ne ya yi wannan ɗinkin.

Matan da kike gani da doguwar riga kuwa sun san abin da suke yi. Wadda za ta shiga motar haya ta along daga Kubwa, mutum 4 a kujerar baya, a watan Maris da zafin Abuja ke haura digiri 35, ta yi alwala a ofis sai hannun riga ya wuce gwiwar hannu, ta yi ruku'u da sujada, ta ɗora mayafin da zai rufe duk aikin wuyan da aka ɓata kwanaki ana yi, ina za ta kai riga mai jela? Su kansu masu hotunan, da an kashe fitila bubu suke zurawa.

Sai batun yadi. Yawancin waɗannan ɗinkunan da yadi mai miƙewa ake yin su, ke kuma sai ki kai atamfa ko leshi mai duwatsu, waɗanda ba sa ba da ko rabin inci. Yadin da ba ya miƙewa dole a bar masa sarari a kan awonki: kamar inci 2 a ƙirji, inci 1 a ƙugu, inci 2 a mazaunai, domin mazaunai suna buɗewa in mutum ya zauna. Leshin anko yadi 5 ne. Riga mai baza ƙasa da jela takan ci fiye da haka, ban da shafi da net, shi ya sa tela ke rage bazar don yadin ya isa, ke kuma ki ce ya ci amanarki.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauki taki. Wannan maganar ta "a yanka a 28, koset zai ja" ta zama annoba a shagunan ɗinki, daga kasuwar Wuse har Gwarinpa da Mararaba. Kullum sai an shigo da ita, kuma kullum daga bakin wata ƙawa da ba ta taɓa riƙe almakashi ba. Inci 6 fa kike magana! Naman da aka matse ba ɓacewa yake yi ba. Sama yake hawa ya tokare ƙirji da bayan hammata, ko ya gangara ƙasa ya turo mara. Wanda ya san aikin koset, duk abin da ya rage a ƙugu sai ya buɗa masa wuri a sama da ƙasa. Wanda ya koya a bidiyon minti 10 kuwa tsuke tsakiya kawai yake yi.

Koset na gaskiya yana da yadi mai tauri a ciki wanda ba ya miƙewa, an yanka shi gida-gida kamar 10 ko 12, da ƙashin ƙarfe, wato siraran sanduna da ake zurawa a tsaye don su tsayar da rigar, da tef mai ƙarfi da ya zagaye ƙugu ta ciki don ya ɗauki nauyin jan, da igiya a baya wadda ake sassautawa. Abin da aka fi ɗinka wa 'yan anko shi ne ƙashin roba da aka bi da keke a kan shafi, aka rufe da siririn zif mai ɓuya. Wannan zai iya tsayar da riga ta zauna sumul, amma ba zai rage miki ƙugu ba. In aka tilasta masa, ɗumin jiki yana tausasa robar, ta karye daidai ƙugu, bakinta ya huda shafi ya shiga fata a ƙarƙashin hammata ko a kan ƙashin kwatangwalo. Zif ɗin kuma ba a yi shi don ɗaukar ja ba. A zama na farko ko na biyu yake buɗewa ta tsakiya, leshin ya yage a bakin ɗinki, kuma yagewar leshi a nan ba ta gyaruwa.

Asarar leshi ma mai sauƙi ce. In kin ja numfashi, tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki ƙasa yake sauka, haƙarƙarin ƙasa su buɗe. Matsi ya hana duka biyun, sai ki koma numfashi sama-sama. Ciki ya matsu, ruwan cikin ya hauro maƙoshi, ƙwannafi ke nan. Akwai jijiya da ke wucewa ta gaban ƙashin kwatangwalo zuwa gefen cinya, in bakin koset ya danne ta sai fatar wurin ta mutu ko ta riƙa zugi, wani lokaci har bayan an cire rigar. Ki haɗa wannan da zauren da ya cika, da tsayuwa kan takalmi mai tsini, da yarinyar da tun safe ba ta ci komai ba don kar rigar ta ƙi shiga. Sai ta yanke jiki ta faɗi, a fara cewa iska ce ko bakin mutane, ana tofi, zif ɗin na nan a rufe. Duk wadda ta faɗi cikin irin wannan riga, a fara kwance ta, in zif ya ƙi a sa almakashi. A kwantar da ita inda iska ke shiga, a ɗaga ƙafafunta, kar a ɗura mata ruwa a baki tana sume. In ba ta farfaɗo nan da nan ba, asibiti.

Bel ɗin da ake tallata miki gumi kawai yake fitarwa, gumi kuwa ruwa ne, da kin sha kofi 2 ya dawo. Matsi ba ya narkar da kitse. Kwana da shi ƙwannafi zai ƙara miki da ƙuraje. Shayin kuma da yawansu filasko ne a ciki. Gudawa za ki yi, ruwa da gishirin jiki su zube, ki ga ciki ya lafe na kwana ɗaya ki ɗauka aiki ne. Masu sayarwa kalmarsu ɗaya ce, wai na ganye ne ba shi da illa. Zaƙami ma ai ganye ne. Su ne dai gobe za su kawo miki sha-ka-fashe don cika mazaunai, wanda sau da yawa dexamethasone ne, ya kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini. Mutum ba shi da shago, ba shi da takardar komai, sai lambar waya da hotunan "kafin" da "bayan", amma mata masu digiri suna tura masa kuɗi. Abin yana ba ni takaici wallahi.

In har kina son koset, ga iyakarsa. Wadda ba ta saba ba, inci 2 ya isa, wato 32 a gare ki, kuma da igiya a baya, da ɗan yadi mai faɗin inci 4 ko 5 a ƙarƙashin igiyar don in an sassauta fata ba za ta fito ba. In zif za a sa, a ɗinka a kan awonki ba tare da an rage komai ba, sai a gina siffar da yanka da ɗan soso a gefe. Mai ciki, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ba da jimawa ba, da mai asma ko yawan ƙwannafi, su bar matsi gaba ɗaya.

Ki je awo da rana bayan kin ci abinci, da rigar maman da za ki sa ranar, da takalmin. A bar inci 1 na rarar ɗinki a kowane gefe, kar tela ya datse shi sai an gama gwaji. Gwajin ya zama saura mako 2, kuma kar ki tsaya gaban madubi kawai: ki zauna a kujera minti 10, ki ɗaga hannu, ki sunkuya kamar za ki yi ruku'u, ki hau matakala, ki ja dogon numfashi har ƙasa. Yatsunki 2 su iya shiga ta bakin saman rigar. In siket ɗin ya tsuke a gwiwa har ba kya iya taka matakala ɗaya, a ɗaga inda bazar ta fara zuwa saman gwiwa. Jelar kuma a yi ta mai cirewa, don leshin ya sake fita suna ko walima.

Ki daina kai wa tela hoto. Ki nemo bidiyon da mai rigar take tafiya kuma take zama, ki nuna masa tare da leshin a hannunsa, ki tambaye shi wane ɓangare ne wannan yadin zai iya. In kika ce a yanka a 28 ya ce "ba matsala Hajiya" bai ko ɗago kai ba, ki naɗe leshinki ki nemi wani.