Tarar lokacin kulle: in ɗauki lauya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ci ni tara a lokacin kullen korona saboda na fita neman abin kai wa iyali. Yanzu na ji wai wata kotu a Turai ta ce dokar kullen ba ta halatta ba. In ɗauki lauya in nemo kuɗina, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin da ka ji gaskiya ne, amma kada ka yi saurin kai kuɗinka wurin lauya. A watan Yulin 2021 Kotun Tsarin Mulki ta Sifaniya ta yanke cewa tsare mutane a gida da aka yi daga Maris 2020 ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, har gwamnati ta koma mayar wa mutane tarar da suka biya. Sai dai kotun ba ta ce babu annoba ba, ba ta kuma ce kulle ba shi da amfani ba. Cewa ta yi gwamnati ta ayyana ƙaramin matakin dokar ta-ɓaci, alhali hana mutane fita baki ɗaya yana buƙatar mataki na sama, wanda sai majalisa ta amince tun kafin a fara.

A Ingila kuwa, wani ɗan kasuwa ya ƙalubalanci dokokin kulle, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori ƙararsa a Disambar 2020, ta ce dokar kiwon lafiya ta 1984 ta ba minista wannan iko. Ka ga annoba ɗaya, hukunci biyu. Hukuncin wata ƙasa ba ya ɗaure alƙalin ƙasarka.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko sisi: nemo rasit ɗin tarar, ka duba sashen dokar da aka rubuta a kai. Nan ne gizo ke saƙar. Jawabin shugaba a talabijin ba doka ba ne sai an rubuta shi, an sa hannu, ya kuma jingina da wata doka da majalisa ta yi. Raina yana ɓaci idan na tuna yadda aka riƙa hukunta mutane a kan abin da shawara ce kawai ta jami'an lafiya. Idan rasit ɗinka bai ambaci sashe ba, ko ranar da aka kama ka ta riga ranar da dokar ta fara aiki, to kana da abin riƙewa.

Bayan haka ka tambayi lauya, zama ɗaya tak, ko wa'adin ɗaukaka ƙara bai wuce ba, domin a irin wannan shari'a wa'adin gajere ne. Idan ya wuce, kuma kuɗin lauyan ya fi tarar, ni dai ba zan ba ka shawarar shiga kotu kai kaɗai ba. Gara ka nemi waɗanda aka ci su tara irin taka ku haɗa ƙara ɗaya, ku raba kuɗin lauyan.