Allah Mai Tsawa Ko Makiyayi? Tambaya A Kan Zabura

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da yara a Aboabo, cikin Kumasi. Wata abokiyar aikina Kirista ta ara mini littafin Zabura na Hausa, sai na ga wata waƙa tana cewa muryar Ubangiji tana karya manyan itatuwa, wata kuma tana kiransa makiyayi mai kai tumaki bakin ruwa. Shin wannan saɓani ne, ko kuwa Ibraniyawa sun canza fahimtarsu game da Allah?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Maganata a kan littafin da ke hannun Yahudawa da Kirista take, wanda ya ƙunshi waƙoƙi 150 a kashi biyar. A nassin Ibrananci 73 ne ke ɗauke da sunan Annabi Dauda, sauran an jingina su ga mutane irin su Asaf, da 'ya'yan Kora, da Sulemanu, da Musa, wasu kuma ba suna. An ɗauki ƙarnoni ana tara su, don haka ba mamaki muryoyin su bambanta.

Waƙar tsawar da kika gani ita ce ta 29. Sau bakwai take ambaton muryar Ubangiji, tana bin hadari daga kan teku har ya faɗa wa itatuwan al'ul na Labanon, ya girgiza hamadar Kadesh. Tun da aka fara haƙo allunan yumɓu a Ugarit ta ƙasar Siriya a 1929, masana suka lura cewa Kan'aniyawa da irin wannan salo suke yabon Ba'al, abin bautarsu na hadari, kuma da yawa na ganin mawaƙin ya ƙwace kirarin ne ya mayar wa Ubangiji. Amma ki duba ƙarshenta, domin da albarkar salama ga jama'a ta rufe.

Ta 23 kuwa mutum ɗaya ne ke magana, wanda ya san tsoro, ya ratsa kwari mai duhu, sandar makiyayi ta kwantar masa da hankali. Ta 103 ta matso kusa fiye da haka, ta ce Ubangiji yana tausayin masu tsoronsa kamar uba ga 'ya'yansa, domin yana sane cewa da ƙasa aka yi mu.

Ni dai wadda ta fi kama zuciyata ita ce ta 104, domin a cikinta iko da kulawa suka haɗu wuri guda. Wanda ya yafa haske kamar mayafi, ya mai da gajimare abin hawa, shi ne ke ɓuɓɓugo da ruwa a kwaruruka don jakunan jeji su sha, ya ba shamuwa itacen sheƙa, ya ba rema kogon dutse. Zakuna suna ruri da dare suna neman abinci a wurinsa, rana na fitowa su koma kwance, ɗan Adam kuma ya fita aiki sai yamma. Kamar yadda maroƙi a fadar Sarkin Zongo ke kiran mutum ɗaya zaki, ya kuma kira shi inuwar marayu, haka mawaƙan nan ke yabo.

Inda za ki fi jin tsami shi ne tsakanin ta 121, mai cewa mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi ba ya barci, da ta 44, inda jama'ar da aka ci da yaƙi ke kuka suna cewa ya farka. A ganina ta farko bayanin siffa ce, ta biyu kuma kukan wanda wuya ta ci ne, wanda ya ga taimako ya yi jinkiri. Waɗanda suka tara littafin sun bar su duka biyun, har ma da ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an amsa wa mai addu'ar ba. Ina ba ki shawara ki karanta ta 29 da ta 104 a zama ɗaya, sannan ki tambayi abokiyar aikinki lokutan da suke rera kowace a majami'arsu.