Tambaya da Amsa: Sharhin Tsohon Shirin Ƙagen Kimiyya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin sharhin wani kashi na The Twilight Zone, wanda ma'aikacin banki mai son karatu ya tsira daga bam. Duk abin da na rubuta sai in ga labarin kawai nake maimaitawa. Ta ina zan kama?
Ɗalibi daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kashin da kake nufi shi ne "Time Enough at Last", wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna ranar 20 ga Nuwamba 1959. Rod Serling ya rubuta shi daga gajeren labarin Lynn Venable, Burgess Meredith ya fito a matsayin Henry Bemis, ma'aikacin bankin. Tsawonsa kusan minti 25 ne, don haka ka kalla sau uku: na farko don daɗi, na biyu da biro a hannu kana rubuta minti nawa kowane abu ya faru, na uku ka kashe murya ka bar idonka ya yi aiki.

A kallo na uku za ka ga abin da sharhinka zai tsaya a kai. Bemis yana cikin ɗakin ajiyar kuɗi yana karatu lokacin hutun rana, ga jarida ɗauke da labarin bam ɗin haidurojin, sai gilashin agogon aljihunsa ya tarwatse. Ba a nuna maka bam ɗin ba ko kaɗan, ƙara da girgiza kawai. Wannan gilashi shi ne ishara ga ƙarshe, inda ya jera littattafai na wata-wata a matakalar laburare, ya sunkuya, tabaransa ya faɗi ya fashe. Gilashi biyu, ɗaya ya buɗe masa lokaci, ɗaya ya rufe. Nan za ka daɗe.

Labarin kansa kada ya wuce jimla uku.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna shirin da finafinan yau, a ce kangon birnin bai yi kama da gaske ba. Shirin baƙi da fari ne na talabijin, an yi shi a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, masu kallonsa kuwa suna kwana da fargabar nukiliya. Ka auna shi da abin da ya sa gaba.

Sannan ka ɗauki matsayi. Wasu na cewa an hukunta Bemis ne don ya fifita littafi a kan mutane. Ni ban yarda ba: dubi yadda matarsa ta zazzane masa littafin waƙoƙi ta yayyaga, ka ga wanda aka zalunta. In ka saɓa mini, kawo hujja daga fage takamaimai, da mintinsa. Kuma ka gargaɗi mai karatu tun a layin farko cewa za ka bayyana ƙarshen shirin.