Tambaya da Amsa: Illar da Ciwon Nutso ke Bari a Laka

Tambaya: Likita, ƙanena mai aikin nutso ne. Wata takwas da suka wuce ya taso da sauri daga ƙasan teku, ƙafafunsa suka mutu, aka yi masa magani a ɗakin matsin iska. Yanzu yana takawa, amma fitsari na ba shi wahala, kuma tafin ƙafarsa ya yi dindiris. Zai warke sarai? Zai iya komawa aikinsa?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki, sai naitirojin, wani sashe na iskar da yake shaƙa, ya narke ya shige naman jiki. Idan aka taso a gaggauce, iskar takan fito kumfa-kumfa kamar an ɓalle murfin kwalbar lemo. Laka ce ta fi shan wuya, domin kitse ne ya lulluɓe jijiyoyinta, naitirojin kuwa ya fi narkewa a kitse kusan ninki biyar a kan ruwa. Ga shi jinin da ke fita daga cikinta a hankali yake gudu, don haka kumfar ke saurin toshe shi, musamman a daidai tsakiyar baya.

Ɗakin matsin iska yana murƙushe kumfar, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ya tayar da ita. Abin da kan saura shi ne sandarewar tsokar ƙafa, da raɗaɗi kamar ana zuba garwashi, da raunin mazakuta, da rashin sanin inda ƙafa ta sauka, har za ka ga mutum yana tafiya lafiya da rana amma yana tangaɗi cikin duhu. Hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki, yakan fito ba tabo alhali illar tana nan.

A ganina mafitsarar ce abin sa wa ido, domin fitsarin da ke kwana a ciki yana jawo cuta har ya taɓa ƙoda. A auna abin da ke saura bayan ya yi fitsari, kuma kada ya ji kunyar robar fitsari in an ce ya yi amfani da ita. Sauƙi ya fi yawa a watannin farko, amma yakan ci gaba sannu a hankali, saboda haka kada ya bar gashin ƙashi da motsa jiki.

Komawa nutso kuwa, ban ba da shawara ba muddin alamun suna nan, domin lakar da ta taɓu sau ɗaya ba ta da rarar da za ta jure na biyu. A kuma duba zuciyarsa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunanta na sama wadda kumfa ke bi ta tsallake huhu.