Kafin ka nemi biza, ka san abin da damuwa ke yi wa zuciya

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma kai ne mutum na huɗu daga Maradi da ya tambaye ni a wannan wata yadda zai zo Faransa karatu. Ka tambayi kuɗin haya da irin rigar sanyin da za ka saya idan ka kammala a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Waɗannan za ka same su a intanet. Ni zan faɗa maka abin da ya kai ni asibiti a hunturuna na biyu a birnin Lil.

Wani dare cikin watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, na farka ƙirjina a ɗaure kamar an aza mini buhun gero, gumi yana zuba alhali ɗakin da sanyi. Na kira lamba 15, ta agajin gaggawa na asibiti a Faransa, ina kalmar shahada. Bayan an auna zuciya an ɗebi jini, likitar ta ce ba bugun zuciya ba ne, fargaba ce ta taso mini, amma jinina ya hau ƙwarai. Sai ta tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki, kuma da wa nake hira, na rasa amsa. Wata huɗu ke nan ina jiran a sabunta mini takardar zama, ina wankin kwanoni har tsakar dare, ga jarrabawa, ga saƙonnin gida na kuɗin ragon suna da na taki, kuma babu fadar da zan zauna in sha shayi in sauke abin da ke raina.

A gida mukan ce baƙin ciki ya kashe wane, na kuma daɗe ina ɗaukar hakan salon magana ne, ashe likitoci sun auna shi. Binciken INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda aka gudanar a ƙasashe 52, ya sanya matsin rai da ciwon damuwa cikin abubuwa tara da ke haddasa mafi yawan bugun zuciya, a jere ɗaya da taba, hawan jini da ciwon sukari. A 2014 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta nemi a ɗauki ciwon damuwa a matsayin abin da ke ƙara haɗarin mutuwa ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa. Jikin mai fargaba yana ta fitar da sinadaran kotisol da adirenalin kamar wanda ake kora da sanda, zuciya ta riƙa sauri, jijiyoyin jini su matse, kuma idan aka shekara a haka sai su fara lalacewa. Ga shi mai damuwa ba ya barci, ba ya motsa jiki, yakan kama sigari, yakan kuma yi watsi da maganinsa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na gaya wa Kawu, sai ya ce rashin tawakkali ne, kuma kafin ya kashe waya ya tuna mini da kuɗin kwanon rufi. Sallah ban bari ba, amma sai da na haɗa da zama da likitan tunani har wata takwas kafin barci ya dawo. Alhamdulillahi na gama karatu, yau injiniya ne ni, da gumina na gina wa Inna gida, sai dai kowace safiya ina haɗiyar ƙwayar hawan jini tun ban kai shekara 35 ba.

Ka san hawan jini ne ya kwantar da Baba, saboda haka jininmu ɗaya haɗarinmu ɗaya. Kada ka yi wa kowa alƙawarin aiko ko dala a shekararka ta farko, ni zan tsaya maka a gaban dangi. Ka je asibiti a auna jininka sau biyu a ranaku dabam-dabam, ka turo mini lambobin, sannan mu yi maganar takardun makaranta.